Daga Maraɗi Zuwa Jidda: Nisan Hanya da Awowin Jirgi



Iyayenmu malamai, alhazai da hajiyoyi, ƴan kasuwa, ɗalibai, da ƴan'uwanmu da suka taso tun daga Tibiri da Jiratawa don halartar wannan zama, barkanku da zuwa. 

Akwai wata tambaya da ake yi a garin nan na Maraɗi duk shekara, da zarar maniyyata sun fara haɗa kaya: awa nawa ne daga nan zuwa ƙasa mai tsarki? In ka tambayi alhazai huɗu, amsa huɗu za ka samu. Wannan ya ce awa huɗu da rabi, wancan ya ce biyar da ɗoriya, na uku ya ce bakwai, na huɗu kuma ya rantse maka cewa shi kwana biyu ya yi a hanya. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da nake so mu duba yau shi ne yadda aka yi Jidda tana nan inda take, Maraɗi tana nan inda take, amma lokacin da ke tsakaninsu yake miƙewa yana tsukewa, da kuma abin da za mu iya yi a kai.

Mu fara da nisa, don shi ne ba ya canzawa. Duniya dunƙulalliya ce, kewayenta ya kai wajen kilomita 40,000. Taswirar da ke manne a bangon aji kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, kuma ba a shimfiɗa abu mai dunƙule sai an ja wani wuri an matse wani. Shi ya sa layin da ka ja da rula a kan taswira ba lallai ne ya zama gajeriyar hanya ba. Wanda ke son ya gani da idonsa, ya samu kankana, ya soka tsinke biyu a jikinta, ya ɗaura zare a ɗaya ya ja shi sosai zuwa ɗayan. Inda zaren ya kwanta, nan ne mafi gajertar hanya, kuma da ita masana harkar jiragen sama suke auna tazarar da ke tsakanin filin jirgi da filin jirgi. Waɗanda suka taɓa kallon ɗan allon da ke bayan kujera a cikin jirgi sun ga layin tafiyar ya lanƙwasa kamar matuƙi yana zagaye. Taswirar ce ta lanƙwasa shi, jirgin a miƙe yake tafiya.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurin Musulmi, domin shi ne lissafin alƙibla. Daga Maraɗi, Ka'aba tana wajen daraja 71 in aka ƙirga daga arewa, wato ka fuskanci gabas sosai sannan ka karkata hagu da kamar daraja 19. Da jirgi zai tashi daga nan ya nufi Makka ba kwana, inda liman ke fuskanta nan hancinsa zai duba. Tun a shekarar 1025 Malam Albiruni ya kammala littafi a kan gano matsayin garuruwa da tazarar da ke tsakaninsu, ya fitar da alƙiblar birnin Gazna, wanda ke ƙasar Afganistan ta yau. Hanyar da ya bi, ta lissafin kusurwa a bayan abu mai dunƙule, ita ce har gobe ake koya wa matuƙa. Ɗalibanmu na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke ganin darasin lissafi kamar azaba, su san cewa gadon kakanninsu ne a ilimi.

To ga alƙaluman. Daga Maraɗi zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, a miƙe, kimanin kilomita 3,500 ne. Daga Kano kimanin 3,400. Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai kimanin 4,000, in kuma Madina aka nufa sai a ƙara kamar 100. Ku lura da wannan da kyau: Maraɗi ta fi Yamai kusa da Makka da kilomita 500. Akwai kuma wani abu mai sauƙin riƙewa. Daga Yamai zuwa Jidda, da Yamai zuwa Paris, da Yamai zuwa Istanbul, da Yamai zuwa Adis Ababa, kowanne wajen kilomita 4,000 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na kewayen duniya. Wanda ya san awowin ɗaya ya kusa sanin na sauran.

Babban jirgin fasinja, in ya gama hawa ya daidaita a tsayin kilomita 10 zuwa 12, yana cin tsakanin kilomita 850 da 900 a awa ɗaya. Amma ba da wannan gudu yake farawa ba, ba kuma da shi yake ƙarewa ba. Akwai jan ƙafa a ƙasa kafin ya kai bakin titin tashi, akwai hawa na minti 20 zuwa 30, akwai saukowa a hankali, wani lokaci har da shawagi a saman gari ana jiran layi. Don haka ga lissafin da kowa zai iya yi a kansa: ka raba nisan da 850, ka ƙara rabin awa. Yamai zuwa Jidda zai ba ka awa 5 da ƴan mintuna. Kano zuwa Jidda awa 4 da rabi. Da daga Maraɗi aka tashi, da kaɗan za ta ɗara ta Kano. Ga amsar alhaji na farko da na biyu ke nan.

Sai maganar agogo, wadda ke rikita mutane fiye da kome. Saudiyya na gaban Nijar da awa 2, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti lokacin garin ne: na tashi da agogon inda aka tashi, na sauka da agogon inda aka sauka. Jirgin da ya bar Yamai ƙarfe 8 na safe ya yi awa 5 da rabi a sama, ƙarfe 3 da rabi na yamma zai taka Jidda. Mai duba takarda kawai zai ce awa 7 da rabi ne. A dawowa, wanda ya bar Jidda ƙarfe 8 na safe zai iso ƙarfe 11 da rabi, sai ka ji an ce dawowa ta fi sauri da nisa, alhali awowin kusan ɗaya ne. Bambancin nan yana da tushe a rana kanta. Maraɗi na kan daraja 7 gabas, Makka na kusa da 40, rana kuma tana ratsa daraja 15 a kowace awa, don haka alfijir yana keto musu fiye da awa 2 kafin ya keto mana. Mai tafiya gabas lokutan salla suna matso masa kusa da kusa, mai dawowa kuma wuninsa yana tsawo. Wanda zai yi Umura cikin azumi ya san da wannan. Hukuncin salla a cikin jirgi, da inda za a ɗaura harami ga wanda ya nufi Jidda kai tsaye, a tambayi malamai tun a gida, kada a bari sai an ji sanarwa a sama. Ƴan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou na ƙasar Sin nasu ya fi tsanani: awa 7 ne tsakanin agogonmu da nasu, kuma daga Adis Ababa kaɗai sai an ci kilomita 8,000.

Iska ma tana da nata rabon. Na sha jin ana cewa tunda duniya na juyawa gabas, jirgin da ya nufi yamma ƙasa ce ke tarbarsa. Ba haka abin yake ba, domin iskar da jirgin ke ciki tare da duniyar take juyawa. Abin da ke kawo bambanci shi ne manyan igiyoyin iska da ke gudu can sama. Lokacin ɗari akwai wata mai ƙarfi da ke ratsa arewacin Afirka daga yamma zuwa gabas, tana tura mai zuwa Saudiyya tana danne mai dawowa. Da damina kuma, a saman yankinmu na Sahel, iskar sama daga gabas take busowa, sai abin ya juya. Tunda watan aikin Hajji yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, alhajin da ya je cikin sanyi da wanda ya je cikin damina ba iska ɗaya suka tarar ba.

Duk waɗannan na Allah ne, ba mu da hannu a ciki, kuma ƴan mintuna suke ƙarawa ko su rage. Abin da ke ƙara awowi na mutane ne.

Sararin samaniya rabe yake tsakanin ƙasashe, kowace da nata, kuma jirgi ba ya ratsa na wata sai da izini da biyan kuɗi. A ƙasashenmu hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ke lura da zirga-zirgar sama. Hanyar miƙe daga nan zuwa Jidda tana bi ta saman Chadi, ta ratsa Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya. A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe samanta, dole jirage suka koma zagaye, ko ta arewa ko ta kudu. Tafiyar da aka sani ta awa 4 da rabi daga arewacin Najeriya ta ƙaru da awowi, man da ake ƙonawa ya ƙaru, har kamfanonin da ke jigilar alhazan Najeriya a wannan shekara suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane mutum. Ga amsar alhaji na uku. Mu ma an ga irin haka a kanmu: da aka rufe saman Nijar ranar 6 ga Agustan 2023, har zuwa farkon Satumba, jiragen da ke tashi daga Turai zuwa kudancin Afirka sai da suka yi dogon zagaye, domin ƙasarmu tana tsakiyar hanyarsu. Manomin Jiratawa da ya shekara goma yana tara kuɗin zogale don ya sauke farali, yaƙin da ya ɓarke a Hartum ya shiga aljihunsa, ko da bai taɓa jin sunan janar ko ɗaya ba.

Akwai kuma canjin jirgi. Mai zuwa Umura ko kasuwa sau da yawa ba ya samun jirgin da zai kai shi kai tsaye. In ya bi ta Adis Ababa, kilomita 4,000 ta koma kusan 5,400. In ta Istanbul ne, 6,400. In ta Kasablanka ne, sai ya fara nufar arewa maso yamma, ya juya wa alƙibla baya, jimillar ta haura 7,000. Sannan ga zaman jira a filin jirgin tsakiya, wanda kan kai rabin wuni ko kwana guda. Tikitin da ya fi araha yawanci shi ne mai dogon jira. Saurayi ɗan kasuwa zai iya jurewa. Tsohuwa mai ciwon suga ko hawan jini, wadda ba ta jin Faransanci balle Turanci, a bar ta awa 12 a filin jirgin da ba ta san kowa ba, wannan ba rangwame aka yi mata ba. Ƴaƴan da ke biya wa iyayensu kujera, ku tambayi mutanen ajans abu uku kafin ku ba da kuɗi: daga ina za a tashi, sau nawa za a sauka, awa nawa za a jira a kowane wuri. Su rubuta muku a takarda.

Yanzu mu zo kan alhaji na huɗu, mai kwana biyu, don shi ne ya fi damuna. Ku ɗauki dattijo daga Jiratawa da aka ce ya je Yamai ya shiga jirgi. Zai shigo Maraɗi, ya hau mota, ya wuce Tibiri, Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai. Kilomita 660 ne ko kusa da haka, awa 10 ko fiye a zaune, kuma duk yamma ake nufa, wato kowace awa yana ƙara nisa da Makka. Ya isa a gajiye, ya kwana inda ya samu, ya jira ranar da za a kira jirginsu, ya je filin jirgi awowi kafin tashi. In jirgin ya tashi ya bi miƙaƙƙiyar hanya, cikin minti 40 zai dawo daidai yankinmu, ya gifta ta arewacin Dakwaro. Wuni guda da ya ɓata a mota, jirgi ya warware shi kafin a gama raba abinci. In ya sauka Jidda, ga layin duba fasfo, ga jiran kaya, ga motar Makka. In ka tara duka, awowin da ya yi a sama ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na tafiyarsa ba. Kuma a wancan kashi huɗun ne ƙafa ke kumbura, magani ke ƙarewa, guzuri ke zubewa.

Masu bi ta Kano sun rage hanya, tunda ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina ba ta wuce kamar kilomita 260 ba, amma akwai iyaka a tsakani, kuma mun ga yadda iyaka ke rufuwa, a 2019 da kuma 2023. Layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021, daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, in ya kammala zai sauƙaƙa wannan ɓangare.

Kada a ce na raina ni'imar da muke ciki. Kakanninmu da ƙafa da jaki suka yi wannan hanya: Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, Abeshe, Aljunaina, Alfashir, Al'ubayyid, Hartum, har bakin teku a Sawakin. Shekaru ake yi. Mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙodago a gonakin audugar Jazira, ya tara guzuri, ya ƙara gaba. Wasu an haife su a hanya, wasu sun rasu a hanya, wasu suka zauna can, jikokinsu na nan a Sudan suna jin Hausa, kamar mutanen garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu. Mai tafiya yakan raba gado ya yi bankwana irin na wanda ba a sa ran dawowarsa. Ko jiragen farko da suka sauka Kano a farkon Nuwamban 1925, guda uku na sojan Ingila, wajen kwana 6 suka yi daga Masar suna yada zango a Sudan da Chadi. Yau abin ya koma tsakanin hantsi da la'asar. Godiya ta wajaba. Amma godiya ba ta hana a gyara abin da ya rage, musamman a garin da ya yi suna da alhazai har wani manazarci Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986.

Akwai jinkirin da nake roƙon ku yi wa haƙuri. Jirgi da iska yake tashi, iska mai zafi kuma ba ta da kauri. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura daraja 40, jirgi mai cike da mutane da kaya da man awa 5 yana buƙatar titi mai tsawo kafin ya ɗaga, shi ya sa ake son tashin dare ko asuba, shi ya sa kuma ake tsananta awon kaya. Kilo biyar ɗin tsarabar da kake ganin ba kome ba ne, in ka ninka shi sau 300 ya zama tan ɗaya da rabi. Lokacin hunturu kuma hazo kan rufe titi har matuƙi ya kasa ganinsa. Ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yulin 1991, wani da ya taso daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan bayan tashi, duka mutum 261 da ke ciki suka rasu. Bincike ya nuna wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an sani, aka ƙi tsayawa a gyara don kada a makara. Allah ya jiƙansu da rahama. In aka ce muku an dakatar da jirgi don ana duba wani abu a jikinsa, ko don hazo, ku zauna ku yi tasbihi. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, a harkar jirgi kuwa abin da yake haifarwa ya fi nawa muni. Jinkirin da ya kamata a yi ƙorafi a kansa shi ne na rashin tsari: a tara mutane ba jirgi, ba bayani, ba wurin kwana.

Maraɗi tana da filin jirgi. Abin da ake buƙata don babban jirgi ya ɗauki alhazai daga gari kai tsaye sananne ne: titi mai tsawon kusan kilomita 3 mai ɗaukar nauyi, fitilun sauka da dare, na'urorin da ke jagorantar matuƙi cikin hazo, motocin kashe gobara daidai girman jirgin, rumbun mai, da jami'an fasfo da na duwan. Bayan an samar da su, sai kula da su kullum, domin filin jirgin da ake tunawa da shi sau ɗaya a shekara lalacewa yake yi. Ga mutane ma akwai: jihar Maraɗi na cikin mafi yawan jama'a a Nijar, ga ƴan kasuwa masu zirga-zirga duk shekara, ga maƙwabta na Tawa da Damagaram. Ma'aikatan ma ba sai an ɗauko su daga wata ƙasa ba, tunda makarantar EAMAC, inda ƙasashen Afirka da dama ke turo ƴaƴansu koyon lura da zirga-zirgar jirage da hasashen yanayi, a Yamai take. Ina kira ga ɗalibanmu masu ƙarfi a lissafi da kimiyya su nemi shiga can.

Roƙona ga hukumar COHO mai shirya Hajji da Umura, da hukumomin jiha, da ƴan kasuwarmu, da iyayenmu Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tibiri, shi ne su haɗa murya a kan abu ɗaya: tashin maniyyatan jihar nan daga Maraɗi, da saukarsu a Maraɗi, ya zama tabbataccen tsari na kowace shekara, wanda za a sanar tun kafin mutum ya biya kuɗin kujera. Masu ajans kuma su riƙa faɗa wa maniyyaci awowin tafiyarsa tun daga ƙofar gidansa har masaukinsa a Makka, ba awowin sama kaɗai ba. Tsohon da ya ba da abin da ya tara duk rayuwarsa ya cancanci a kai shi gaban Ka'aba da sauran ƙarfin yin ɗawafi.

Allah ya kai waɗanda ba su je ba, ya karɓi ibadar waɗanda suka je, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya.